Zangon da ke Ƙarƙashin Dasashi

Baba ya tako da ƙafarsa daga Aboabo
har asibitin Komfo Anokye,
asuwaki a aljihun gaba kamar alƙalami.
Shekara saba'in da ɗaya, haƙori talatin da biyu,
ko ɗaya bai taɓa girgiɗi ba.
Na rubuta sunansa a layin lafiyayyu.

Ya ce, "Memuna, in lafiyata ƙalau,
me kike nema a bakina?"
Na ce, "Buɗe dai, Baba."

Ɗan tsinken takarda, siriri kamar zaren ɗinki,
na zura shi tsakanin haƙori da dasashi,
can inda asuwaki kan tsaya a bakin ƙofa
ya yi sallama, ya juya.
Na ƙirga goma. Ko ɗigon jini.
Na zaro abin da ido ya rantse babu.

Da la'asar, bayan an ɗauke wuta an maido,
na sunkuya a kan madubin awo.
Ashe gari ne.
Wasu kulu-kulu, sun yi jerin carbi,
wasu dogaye kamar tsinken tsintsiya,
wani yana murɗawa, yana wucewa da sauri
kamar yaron mota a Kejetiya.
Ga wani zangarniya guda, ƙanana sun manne masa
sai ka ce masara a kan totuwa.

A makaranta ƙwayoyin cuta aka ce mu kira su.
Wa suka cuta a nan?

Na farkon zuwa shi ya kama bangon haƙori,
na biyu ya kama na farko,
na uku bai san bango ba, maigidansa ya sani.
Abin da wannan ya zubar, shi wancan ke kalaci da shi.
Na can ƙasa ba sa shiri da iska,
sai na sama suka shanye ta, suka bar musu duhu.
Haka kakanmu ya sauka a garin nan
da jaki biyu da buhun kanwa,
wani ya ba shi zaure, shi ma ya ba wani.

Amma da sakamako ya fito, mako uku,
na ga wani suna da na sani.
Shi ne dai wanda nake gani a bakunan da suka ruɓe,
masu wari, masu jini a kan matashi.
Yana nan a bakin Baba.
Ɗan kaɗan. Shiru. Ya naɗe ƙafa a lungu.

Na kai masa takardar da dare,
yana shan koko a ƙofar gida, ruwa na dukan kwano.
Na ce, "Akwai mugu a cikinsu."
Bai ajiye ludayi ba.
Ya ce, "Wace unguwa ce ba ta da ɓarawo?
Namu ma kin san shi, tare muke sallar Juma'a.
Muddin layi cike yake da mutane,
kowa na shara a ƙofarsa,
sai dai ya gaishe ka ya wuce.
Ranar da maƙwabta suka watse, ranar yake tashi."

Na so in ce masa ba haka littafi ya faɗa ba.
Na tuna kusan haka ya faɗa,
sai dai da shafi arba'in.

Yanzu in na ɗauki buroshi da asuba
ba yaƙi nake fita ba.
Shara ce, da yashe kwata,
kada cunkoso ya kai inda zama zai ɓaci.
Na kurkure, na tofar,
na san kafin in kai tashar Asawase
sun koma ɗakunansu, ana ta haihuwa.

Baba kuwa ya ce in gaya wa likita
in za a sake ƙidaya, a sanar da shi tun da wuri.
Bai so a iske baƙinsa ba shiri.